Ranar da Na Cire wa Baba Saje Kai

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, lokacin ina aji uku a wata makarantar 'yan mata a nan Ibadan. Har yanzu in abin ya faɗo mini a rai, ko ni kaɗai ce a ɗaki, sai na ja gyale na rufe fuska.

Ni dai tun asali kunya ta yi mini yawa (Innata takan ce ko kaza ce ta ƙura mini ido sai na sunkuyar da kai). Ni kaɗai ce Bahaushiya a ajinmu, kuma ba na magana sai dole. Abu ɗaya na iya: zane. Da malamar zanenmu, Misis Ajayi, ta zaɓi wasu 'yan mata da za ta riƙa koya wa zanen mutum duk Laraba bayan an tashi, sai ta sa har da ni. Murna kamar in yi tsalle, amma da ƙyar Babana ya yarda. Shi dillalin goro ne a Sabo, unguwarmu ta Hausawa, kuma tun farko bai so wannan zane-zanen ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: "Ranar da na ji an ce boko ta buɗe miki ido, kin yi wa wani babba rashin kunya, ranar kin gama da fensir."

Da farko lafiya lau. Mista Okoro mai kula da lambun makaranta shi ne yake zama a kan kujera muna zana shi, kuma shi ba ruwansa, yakan ma yi gyangyaɗi. To da ƙasa ta rikice ya kwashe iyalinsa ya tafi Gabas, ko sallama ba mu samu yi da shi ba. Muka koma zanen tulu da kwalba, har Misis Ajayi ta ce ta gaji, za ta nemo mana mutum.

Ran Larabar nan muna zaune da gawayi da takardu, sai ga ta ta shigo tana fara'a, wani na biye da ita. Takalmansa kawai na gani na gane shi. Baba Saje ne, maigadin makarantar. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, maƙwabcinmu a Sabo, kuma aminin Babana. Kullum da yamma yana kan tabarmar ƙofar gidanmu suna sauraron labaran yaƙi a rediyo. Tun da aka haife ni ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Durƙusawa nake in gaishe shi, in ajiye ruwa, in tashi. In da za a jera mini fuskoki a ce in nuna tasa, zan iya kuskure, amma ƙafafunsa ko a cikin taron Idi zan gane su.

Ya sha wankakken kakinsa har da lambobin soja a ƙirji. Ya hau kujera ya miƙe tsaf kamar mai jiran Gwamna.

Misis Ajayi ta sake maimaita mana ƙa'ida. A wannan irin zanen, kai shi ne ma'auni. Tsawon mutum kai bakwai da rabi ne, faɗin kafaɗa kai biyu. Za ki miƙa hannu da fensir ki saita fuskar mutum, ki kanne ido ɗaya, ki sa babban yatsa ki auna daga tsakar ka zuwa haɓa, sannan ki bi sauran jiki da wannan awo.

Ku duba mini wannan lamari. Ni, 'yar Malam Isa, in nuna Baba Saje da fensir, in ƙura masa ido, in kuma kanne masa ido ɗaya! Na ɗaga hannu sau ɗaya, ya kai wajen ƙirjinsa, sai hannun ya dawo da kansa.

Bisi, wadda muke benci ɗaya, ta zungure ni. Uwarta tana da shago a bakin Sabo, don haka ta ji Hausa kamar jakar Kano. "Omo Gambari," ta ce, wato 'yar Hausawa da Yarabanci, "kalle shi mana, ba ya cizo."

"Ke ba ki sani ba," na ce mata ƙasa-ƙasa.

Sai dabara ta zo mini (a lokacin na ɗauka dabara ce). Tunda ba zan iya awo da kai ba, bari in yi da ƙafa. Na fara daga ƙasa. Na zana faso ɗin diddigensa ɗaya bayan ɗaya, da farcen babban yatsansa na hagu da ya yi baƙi ya lanƙwashe, da igiyar takalmin da aka ɗinke da zaren buhu. Na hau ƙwauri, na yi tabon da ke ƙasan gwiwa. Na yi hannayensa a kan cinya, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu, da ɗan jan goro a gefen farce. Na yi maɓallan riga, har da guda ɗaya da ba irin sauran ba. Na yi lambobi. Na kai zakaran wuya. A nan na tsaya, na koma ina ƙara wa takalmi inuwa, ina addu'a a kaɗa ƙararrawa.

Ba a kaɗa ba. Misis Ajayi ta zo ta tsaya a bayana, tana duban zanen. Can ta ɗauki takardar ta ɗaga sama, ta fara zuba Turanci da sauri: wai ba ta taɓa ganin ɗaliba ta yi hannaye haka ba, amma ina sauran mutumin? Wai mai zanen da ba zai kalli abin da yake zanawa ba, gara ya koma ajin ɗinki. 'Yan aji suna ta ƙunshe dariya.

Baba Saje daga inda yake bayan takardar kawai yake gani, kuma Turancin Misis Ajayi ya fi nasa na bariki gudu. Aka ce kada ya motsa, don haka ta gefen baki ya yi magana.

"Ke 'yar Malam Isa, me matar nan take ta faɗa ne? Me ya samu hoton nawa?"

Na miƙe tsaye, idona a ƙasa. So nake in yi masa bayani a taƙaice cikin ladabi, in zauna. Na buɗe baki, da muryar da ban san ina da ita ba, na ce:

"Baba, ai ba ka da kai."

Sai da maganar ta fita na ji ta da kunnena. Dattijo mai furfura, aminin ubana, na ce masa ba shi da kai, a gaban mutane! Bisi ta kifa a kan benci tana dukan katako, hawaye na zuba. Da ta samu numfashi ta fassara wa aji da Yarabanci abin da wannan magana take nufi a wurinmu, ajin ya kece gaba ɗaya. Ita kanta Misis Ajayi sai da ta juya ta fuskanci allo, kafaɗunta na girgiza. Baba Saje kuwa ko gezau. Cewa kawai ya yi, "To, madalla."

Ban san yadda na iso gida ba. Na shige ɗakin Inna na kwanta na ce kaina ke ciwo (kai dai, kai dai, ranar ya zame mini bala'i). Bayan la'asar na ji sallamar Baba Saje a ƙofar gida. Ba a jima ba aka ce Baba na kira.

Na durƙusa nesa da tabarma. Babana ya kashe rediyo, abin da ba ya yi ko baƙo aka yi daga Kano.

"Saje ya ce kin ce ba shi da kai. Haka aka yi?"

"Haka aka yi, Baba, amma..."

"Ba amma. Mun yi magana da ke. Zane ya ƙare."

Hawaye suka fara ɗiga a kan zanena. Sai na ji Baba Saje ya yi gyaran murya.

"Tsaya tukuna, Malam. Ni aka yi wa laifi, ni ke da shari'a." Na ji ƙarar takarda. Ashe ya roƙi Misis Ajayi ta ba shi zanen, ya naɗe shi ya sa a aljihun riga. "Duba nan ka gaya mini wane ne wannan."

Suka duƙufa kan takardar. Can Babana ya ce, "La ilaha illallahu! Saje, wallahi ƙafarka ce. Har da farcen nan da alfadari ya taka!"

"To ka gani. Yarinya gaskiya ta faɗa, ba ni da shi. Ni da na je Bama na dawo da kaina a wuyana, sai a nan Ibadan za a raba ni da shi? In ka cire ta daga ajin nan, haka zan tabbata. Ban yafe ba sai an maido mini da abina."

Babana ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ya yi dariya har da tari. Da ya lafa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tashi ki ba mutane wuri. Ran Laraba ki je ki mayar wa mutum da kansa."

Larabar da ta biyo na miƙa fensir, na kanne ido ɗaya. Ta gefen baki Baba Saje ya ce, "Kalla da kyau, 'yata, na halatta miki." Ranar na fara sanin cewa gefen kunnensa na dama a gutsure yake, kuma idanunsa ƙanana ne masu dariya, ba irin na mutumin da na yi shekaru ina tsoro ba. Sai dai garin ɗoki da tsoron kada a ce na rage wani abu, na zabga masa kai kamar kabewa. Ya zo ya leƙa, ya jinjina.

"Makon jiya ba ni da kai, yau kuma girman kai kika ba ni. Allah ya shirye ki."

Na zauna a ajin har na gama makarantar. Abin da na koya kuwa, in kunya ta hana ka kallon mutum, to ka roƙe ta ta taimaka ta riƙe maka baki ma. Tawa ido kawai ta tsare, ta bar harshe a sake.