Ɓeran da Ya Ci Wayar Alhaji

Ko da zan manta abin da na ci jiya (kuma ina mantawa ɗin), ba zan taɓa mantawa da ranar da aka janye min kabet ba. Shekara biyu ke nan bayan an buɗe gari daga zaman annobar nan, daminar da iska ta yaye kwanon masallacin layinmu a Unguwar Dosa, ana saura kwana tara Babbar Sallah. Ni ban san kalanda ba, amma lissafina bai taɓa kuskure ba.

Jikata Ummi ce ta jawo min. Da ta gama bautar ƙasa sai ta dawo wurina da zama, muka zama mu biyu a gidan da a da ake dafa tiya uku. Aikinta a kwamfuta yake, masu aikin suna can Ikko, ita tana nan da ɗankwali a karkace tana yi musu Turanci. Na ba ta ɗakin marigayi Alhaji, can ƙuryar gida. Falo yana gaba, ɗakina a tsakiya, nasa a ƙarshe.

To, abin da ke raba intanet ɗin, rawuta suke ce masa, a falo aka kafa shi. Shi kuwa Alhaji, Allah ya jiƙansa, a ma'aikatar ayyuka ya yi ritaya, bangon da ya gina ko ƙusa sai ta yi kuka kafin ta shiga. In sabis ɗin ya zo bango na biyu sai ya gaji. Ummi ta kwaso kwamfutarta ta dawo falo, falo kuma nan ne fadata. Masu gaisuwa, masu kawo katin biki, mai atamfa. Rannan ogarta tana tsakiyar magana na ƙwalla wa mai daddawa kira ta taga, ashe har Ikko an ji farashin daddawa.

"Kaka, bari a jawo sabuwar waya zuwa ɗakin. Huda uku ne kawai."

"Ba mai huda bangon Alhaji ina numfashi."

"To ƙawata ta Malali ta ce akwai ɗaki a gidansu. In aka sake yi min gargaɗi, aikin ya tafi."

Na ce ta tafi mana, wa ya riƙe ta? Na shiga ɗaki na kasa cin tuwo.

Bayan kwana biyu ta kira ni da murnarta, tana riƙe da bakin wata baƙar waya mai kauri, irin mai allura a tsakiya. "Tsohuwa, an samu mafita! Wayar dish ɗin Alhaji ce, tun daga falo take har ɗakinsa, tana cikin gini. Ba huda, ba ƙura." Ta ce akwai wasu 'yan akwatuna biyu, kowanne bai fi sabulun wanki ba. A ɗaura ɗaya a bakin wayar na falo kusa da rawuta, ɗaya a bakin na ɗaki, intanet ya bi tsohuwar hanya kamar ruwa a bututu. In fitilarsu ta yi kore, shi ke nan.

Na ce, "Uhm."

Akwatuna suka zo, ta ɗaura, fitila ta ƙi kamawa. Ta kwance, ta hura, ta mayar. Shiru.

Na gyara zama na ce, "Ai na gaya miki tun kina goye. Ɓera ya cinye wayar nan a silin."

Yanzu sai na koma da ku baya, don ku san irin ɓeran.

Shekarar da Alhaji ya yi ritaya ya sa aka kafa dish, aka raba wayar biyu, ɗaya falo, ɗaya ɗakinsa. Ni ina murna mutum ya bar ofis zan riƙa ganinsa. Ina! Daga ya dawo sallar asuba sai labaran ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. In kai abinci, ya ce "ajiye nan" idonsa na kan Bature. In ce an haihu a gidan wane, ya ce "madalla", in ce an yi rasuwa, ya ce "madalla". Wata huɗu muna haka. Ni kuma ba a haifi bakin da zai ce wa namiji "zo ka zauna kusa da ni" a jikina ba. Mu ba haka aka rene mu ba, kuma ko an rene mu haka, ni ce fa.

Wayar ta ratsa ta ɗakina ne, ta fito ƙasan bango kamar taki ɗaya a bayan kabet ɗin langunana, ta sake nutsewa. Wata Laraba da hantsi ya tafi karɓar fansho, aka ɗauke wuta. Na sa silifas ɗin roba (kar wuta ta dawo ta kama ni da hujja a hannu), na ture kabet da ƙarfin da nake da shi a lokacin, na ɗauko almakashin ɗinki. Sai da na yi Bismillah, ku ji rashin kunya. Ƙaras. Na mayar da kabet, na je na ɗora miya.

Ya dawo, talabijin sai yashi. Aka kira Ɗanlami mai gyaran dish daga Kawo. Ni na tsere gidan suna wurin maƙwabciyata don kar fuskata ta tona ni. Da na dawo Alhaji ya ce, "Wai ɓera ne a silin. A bar shi kawai, na falo ya isa."

Daga ranar a falo yake kallo. Ina tsintar shinkafa a tabarma, yana fassara min abin da Bature ya ce, ina ba shi nawa ra'ayin a kan shugabannin duniya. Shekara goma sha ɗaya muka yi haka har Allah ya karɓi abinsa.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni da labari! Shekarar farko na ce na ji motsin ɓeran. Ta biyu na ce na gan shi. Kafin a yaye Ummi ya kai girman kyanwa, da farin gashi a goshi, da guntun waya a baki. Babu jikan da bai san shi ba. Matan unguwa har cewa suke, "Hajiya, ba baƙuwar nan labarin ɓeran." Alhaji yana zaune yana jan carbi, sai dai ya ce, "Ƙwarai, ɓeran nan ya san abin da yake yi."

To mu dawo. Ummi ta ce in an san inda ya ci, ana iya haɗawa. Ta tambaye ni wa ya sa wayar tun farko, bakina ya riga hankalina, na ce Ɗanlami. Ta nemo shi. Ya zo da jakarsa, gemu ya yi fari fat, yana jan ƙafa ɗaya. Ɗana, babanta, shi ma ya biyo daga ofis, da matarsa, don a ga ƙarshen abin.

"Hajiya, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, Ɗanlami. Ka tsufa."

"Na bi sahunku ne."

Ya ɗaura wani abin gwaji a bakin wayar, ya duba, ya ce lallai a yanke take. Sai ya ɗago ya kalle ni. Kallo ɗaya, ya sunkuyar da kai. "To, tunda ɓera ne, a kawo tsani in hau silin."

Ummi ta ce, "Baba Ɗanlami, da wannan gwiwar?"

"Ya za a yi? Ɓeran Hajiya ne."

Aka jingina tsani. Ya taka na farko ya ce "wash". Ya taka na biyu ya ambaci Allah. Ummi ta koma gefe tana danna waya, na ji tana ce wa ƙawarta ta Malali a hankali, "Ki ce wa Mamanku ta riƙe min ɗakin, in bai yiwu ba ranar Asabar zan kawo kaya." Na dubi dattijon da zai karye a kan ƙaryata, na dubi yarinyar da ke kawo min ruwan alwala mai ɗumi ba tare da na roƙa ba. Ya ɗaga ƙafa zai taka na uku.

"Sauko."

Kowa ya juyo.

"Na ce ka sauko. Ku janye kabet ɗin ɗakina."

Ɗana ya ce, "Hajiya, me ya haɗa kabet da ɓera?"

"Kai dai janye. Ɓeran a nan ya yi aiki."

Aka kwashe langunan da rabonsu da ganin rana tun auren autata, maza biyu suka ja. Ga waya nan biyu suna kallon juna, yanka sumul, babu alamar haƙori ko ɗaya. Surukata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ummi ta durƙusa ta duba, ta ɗago a hankali.

"Kaka. Ɓeran nan da almakashi ya zo?"

Na ce, "Da silifas ma."

Dariyar da aka yi, har maƙwabta suka aiko ko lafiya. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige da zanina. A gaban suruka! Shekara ashirin da ɗoriya ina kiwon ɓera, aka yanka min shi a tsakar ɗakina.

Sai Ummi ta ce, "Amma kin yi dabara da kika naɗe bakin da salatif."

Na leƙa. Kowane baki an naɗe shi da baƙin salatif, tsaf, har an lanƙwasa ƙarshen. Ni ban naɗe komai ba.

Ɗanlami ya zauna a bakin gado yana murza gwiwa. "Ni na gano wurin tun a ranar, Hajiya. Na ce minti biyar in haɗa. Alhaji ya tsaya yana kallon yankan, ya daɗe. Sai ya yi murmushi ya karɓi salatif a hannuna, ya naɗe da kansa, wai kar ta soke ki in kina shara. Ya ce, 'Mayar da kabet yadda ka same shi. In ta tambaya, ɓera ne.' Ya sa na yi alkawari. Yau da kin yi shiru, wallahi hawa zan yi."

Dariyar ta tsaya. Na nemi bakin zanina na ce ƙurar bayan kabet ce ta shige min ido. Ba wanda ya musa.

Gyaran bai kai tafasar shayi ba. Ya sa wa kowane baki kan ƙarfe, ya ɗaure su da wani ɗan abu mai zare, Ummi ta ruga ɗaki ta ƙwalla, "Ta yi kore!" Ta dawo ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Guntayen salatif ɗin na tsince su, ban gaya wa kowa inda na ajiye ba.

Ummi ba ta je Malali ba. Sai dai kun san jini: tunda waya ta haɗu, ta shige ɗakin nan tun safe, sai la'asar. Na yi kwana uku ina cika ina batsewa a falo. Ran na huɗu na naɗe tabarmata, na ɗauki faifan shinkafa, na tura ƙofa na ce, "Zan zauna nan. Ba zan yi magana ba." Ta matsar min da kujera ba ta ko cire abin kunne ba. Ashe iyakar abin ke nan. Taku goma sha biyu ne daga ƙofata zuwa ta Alhaji, na ƙirga. Na tsufa kafin na gane cewa in kana son zama kusa da mutum, ƙafa ta fi almakashi sauƙi. (Maganar ba zan yi magana ba kuwa, ina ƙoƙari.)

Cikin waɗanda suka ga kafa dish ɗin nan, Alhaji ya tafi, maƙwabciyata da na ɓuya a gidan sunanta ta tafi, limamin layinmu na lokacin ma ya tafi. Saura ni, sai Ɗanlami a Kawo da gwiwarsa. Duk Sallah nakan aika masa da cinyar rago, shi kuma ya aiko a ce yana gaishe da Hajiya, a ce mata amanar ta yi masa nauyi, ya ji daɗi da aka sauke.