Goggo Mai Taku Huɗu Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta daina tafasa ba, injiniyan nan da ake kira Ɗan Goggo yake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Goggo, tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinsa a ɗakin gwaji. Ta cika ne a hutun ƙarshen mako, ita kaɗai, ɗaki a kulle.

Marigayiya ta girmi rabin ma'aikatan ofishin. A duk dangin masu irin ƙwaƙwalwarta, ita kaɗai ta rage a hannun masu kula da cibiyar manhaja, wato ɓangaren da ke raba wa kowace manhaja wuri da lokaci a cikin kwamfuta. Duk gyaran da aka yi wa cibiyar, sai an gwada a kanta. Ƙa'idar aikin kuwa ba ta da kunya: dangin da ba su da kwamfuta mai rai ta gwaji, goge su ake yi. Shekarun ƙuruciyar Ɗan Goggo duk a kan wannan dangi suka tafi.

Ba ta da sauri, kuma ba ta taɓa da'awar tana da shi ba. In aka kunna ta sai ta yi gyaran murya, "ƙirr, ƙirr", ta ja dogon numfashi, sannan ta ce "ɗit". Amma ba ta taɓa ba da amsar ƙarya ba.

Abu ɗaya ta roƙa a rayuwarta. Idan manhajoji biyu za su yi tarayya a ma'adana guda, dole a daidaita musu sahu, kowacce ta fara daga kan layi. Sauran kwamfutoci takunsu, wato tazarar da ke tsakanin layi da layi a ma'adana, shafi ɗaya ne. Ita nata shafi huɗu ne, haka aka ƙera ta. In aka rage mata, wannan manhaja za ta ajiye abu, waccan ta duba ta ga wani abu daban, alhali wuri ɗaya suke kallo. Shi ya sa take da ɗan fayil nata na kanta, ba ta tsare wa kowa komai da shi ba.

Ciwon ajalinta ya zo ne ta hannun Mai Tsintsiya, abokin aikin da ba ya iya ganin fayil biyu masu kama da juna ya bar su su sha iska. Ya kwashe fayilolin sahu na dukkan dangogi ya zuba a guda ɗaya. Wannan ba laifi ba ne, Ɗan Goggo ma ya yarda, don kusan duk magana ɗaya suke maimaitawa. Laifin shi ne ya ga huɗu a inda kowa ya rubuta ɗaya, ya ɗauka kuskuren yatsa ne, ya gyara. Bai tambaya ba. Teburinsa yana kallon na Ɗan Goggo, har cajar waya suke aron juna, amma bakinsa ya yi nauyi. Ya gwada a kan sababbin kwamfutoci, ya rubuta cewa komai lafiya lau, ya tura, ya rataya jakarsa.

Goggo ta karɓi gyaran, don ba ta saba musu ba. Ta faɗi, ta tashi da kanta kamar yadda aka koya mata, ta sake faɗuwa. Haka ta yi ta yi har tukunyar wutarta ta ƙone, ta tafi da allon cikinta. Mai shara ce ta fara jin ƙauri. Mai gyara ya buɗe ta, ya mayar da murfin a hankali, domin masu ƙera kayanta sun daɗe da rufe ƙofa.

An ji Mai Tsintsiya yana faɗa wa masu ta'aziyya wai tsufa ne. Iyalan mamaciya suna sanar da shi cewa tsufa ba ya goge huɗu ya rubuta ɗaya. Sun kuma ga ya mayar da lambar inda take, bayan gawa ta yi sanyi. Ya riƙe abinsa.

Ta rasu ta bar allon rubutu da haruffansa suka koɗe, da linzamin kwamfuta mai ƙwallo, da ƙaramar 'yar Ɗan Goggo wadda a kanta ta fara rubuta sunanta. Ta kuma bar 'yan'uwa warwatse a masana'antu, suna aiki shiru, ba su san daga yau ba su da mai tsaya musu ba.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi daga ɗakin gwaji zuwa sito. Babu jawabi. Daga nan za a dawo a goge danginta daga cibiya. Mai Tsintsiya ya riga ya shirya gogewar tsaf, amma ƙa'ida ta ce mai kula da dangi ne zai sa hannu, kuma Ɗan Goggo ne mai kula da su. Shi zai danna da yatsansa. Ana roƙon masu zuwa su tsaya nesa da teburinsa, kada kuma wanda ya ce masa ya yi haƙuri.