Akuyar Hajiya da Karatun Waya

"Ya hanya, angon da ba ya kawo cefane?"

"Lafiya lau, amarya. Haƙoran nan biyu dai suna nan?"

Misbahu ke nan, ma'aikaci a Dutse, ya sauka Jahun ran Juma'a yana gaida kakarsa, Hajiya Zuwaira. Shekara talatin tana karantar da matan unguwa a tsakar gidanta, har ido ya gaza. Bara ta sayar da akuyarta, Misbahu ya saya mata karatun littafin fiƙihu da kuɗin a wata manhajar waya: malami na karantawa a waya, ita tana fassara wa mata. Gobe Asabar za su zo, waya kuwa ta yi gum tun Talata. Tun daga zaure ya san yau akwai shari'a.

"Zauna, ɓarawon akuya. Ina karatuna?"

Ya karɓi wayar ya duba. "Kamfanin sun janye shi, Hajiya. Wai yarjejeniyarsu da mai karatun ta ƙare."

"Sun janye abin da na saya?"

"Ai ba saya kika yi ba, izinin saurare suka ba ki. Yana cikin sharuɗɗan da muka amince da su."

"Mu wa? Ni da ko ƙaton hancin nan naka da ƙyar nake hangowa?"

"Ni na danna miki."

"Ka karanta?"

"Shafi arba'in ne fa, tsohuwa."

"Kai jama'a! Digiri guda, shafi arba'in ya kayar da shi. Ranar da dillali ya zo zauren nan, ya ce an sayar? Na ce na sayar, Allah ya sa albarka, na miƙa igiya. Ka ji na bi wanda ya saya gida na kwance ta, wai yarjejeniyata da uwarta ta ƙare?"

"Akuyar da ta girme ki? Ai taimakonki ya yi."

"Ta fi ka kunya. Ita ba ta taɓa danna abin da ba ta karanta ba."

Ta shafa fuskar wayar da gefen mayafi. "Gobe mata goma sha biyu za su zauna a tabarmar nan. In ce musu malamarsu ta makance?"

Nan kunya ta kama Misbahu sosai. Ya shiga ɗaki ya ɗauko littafin fiƙihun marigayi kakansa, Malam Habibullahi, ya kaɗe ƙura, ya kunna ɗaukar murya.

"Ni zan karanta miki, da muryar nan da 'yan matan Dutse ke rububi. A memorin wayarki zai zauna, ba kamfanin da zai taɓa shi."

"Muryar gwangwani? To tsaya." Ta kwance bakin zani ta fito da goro, ta ƙwala wa maƙwabciya kira ta kan katanga. "Bilki, leƙo ki zama shaida! Kyauta ba na so, mai kyauta yana fasawa. Ka sayar?"

"A goro ɗaya?"

Ta ɓare goron, ta mayar da rabi. "A ɓari. Ka sayar?"

Misbahu ya ƙyalƙyale da dariya ya miƙa hannu. "Na sayar, Allah ya sa albarka."

"Bilki, kin dai ji. Buɗe babin tsarki, angona. Shafi ɗari biyu ne, kuma shi wannan ba a danna shi."