Ledar Daddawa a Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Juma'a cikin sanyin bara, ranar da ni da girmana na hau keke a bakin tekun Jidda. Eh, ni ɗin. Duk wanda ya san ni a lungunmu na Ammariyya zai ce sharri aka yi mini. To ba sharri ba ne, kuma gara ku ji daga bakina yadda abin ya faru, don waɗanda suke yawo da labarin sun cika shi da gishiri.

Sana'ata sayar da kayan miya: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji. Tun da sauran ƙuruciyata nake yi, a cikin ɗakin da nake kwana. Ɗayar sana'ar tawa, wadda ba a biyana, ita ce ido. Daga bakin ƙofata nake ganin wadda ta fita da wanda ya shiga, da yarinyar da abayarta ta fara ɗangalewa. In za a ba da 'ya a lungun nan ni ake tambaya, kuma ba na tauna magana.

Sai ga shi abin ya zo gidana. Jikata Suma, 'yar ɗana Abdullahi, wadda na rena tun da uwarta ta rasu, wani yaro Faisal ya aiko yana so. Jininmu ne, kakanninsa aikin Hajji suka zo suka zauna, shi da uwarsa duk haihuwar nan ne. Uwar, Ummu Faisal, ta zo gaishe ni sau ɗaya. Ta durƙusa yadda ya kamata, ta yi Hausarta mai gauraye da Larabci, ta sayi daddawa ta tafi. Na duba ta sama da ƙasa ban samu abin kamawa ba, abin da ya ƙara sa ni zargi ke nan.

Abdullahi ya ce, "Inna, halas mana, a gama maganar nan, mutanen kirki ne. Amma ba zan ba su amsa ba sai kin ce to."

Na ce a dakata. Suma ta koma ba ta cin abinci sai tsakura, tana bina da ido kamar na ci mata bashin rai. Ban kula ta ba.

Maƙwabciyata Dije ce ta shigo mini da magana, tana jan hanci, don mura ta kama ta.

"Yaya, kin san surukar taku keke take hawa?"

"Wane irin keke? Na ɗinki?"

"Na hawa! Duk Juma'a bayan asuba, a Kornish, titin bakin teku, ita da wasu mata. Su yi jerin gwano suna ihu."

Na ajiye ledar kukar da nake ƙullawa. Mace ta aurar da 'ya'ya, ta yi jikoki, ta kama hanya tana wutsil-wutsil da ƙafa a bainar jama'a? Gidan da zan kai Suma ke nan? Na ce wannan aure ya mutu. Amma ni ba na yanke hukunci da ji, sai na gani (wannan ɗabi'a na daɗe ina yi wa mutane gori da ita, ranar nan ta rama).

Dije ta ce ai ba a wuri ɗaya suke tsayawa ba, nisa suke yi, wadda take son jin abin da suke faɗa sai ta shiga cikinsu. Kuma akwai keke mai ƙafa uku da ake bayarwa haya, ko makaho ya hau ba zai faɗi ba. In na sa niƙabi wa zai gane ni? Na ce shi ke nan.

"Sai dai sanyi, Yaya. Iskar teku a ƙafa take kama mutum. Akwai wata safa mai kauri da suke sakawa, a kanti ake sayar da ita, bari in sa a sayo miki."

Na yi mata kallon da nake yi wa mai neman ragin yaji. Sanyin Jidda har sanyi ne? Mutanen garin nan da iska ta ɗan kaɗa sai su naɗe kamar majinyata. Gaskiya ne ƙafafuna da asuba kamar an ciro su daga firji suke, tsufa ne, amma in ba da kuɗina don safa? Ni da na san dabara tun kafin a haifi mai kantin?

Ga dabarar, ku riƙe ta don ku guje mata. Bayan na yi sallar asuba na lafta man zafi a ƙafa har idon sawu. Na zura kowace ƙafa cikin leda na ɗaure, yadda muke yi in mun sa lalle. Na ɗora tsohuwar safar mijina marigayi Malam, sannan na zura kambas ɗin Abdullahi, wanda ya yi mini yawa. Ledar kuwa, ni ba na yar da leda. Na miƙa hannu bayan buhu na zaro biyu masu kauri, waɗanda daddawa take zuwa a ciki. Na kakkaɓe su. Har na shinshina, wallahi na shinshina, na ji ba komai. Abin da ban lissafa ba, hancin da ya kwana ya tashi da daddawa rabin rayuwarsa ya daɗe da yin ritaya.

A cikin taksi direban ya sauke gilashi cikin wannan iska. Na ce wa Dije, "Kin ga rashin tarbiyya." Ta gyaɗa kai tana fyace hanci. Ita ma hancinta yana hutu.

Muka isa gari ya fara wayewa. Ga su nan kuwa, mata sun kai cikin mota biyu. Abaya kala-kala kamar za a yi rabon alawa, wata ruwan hoda, wata shuɗiya, an tsuke ƙafar kamar wando. Kowace ta kifa hular kwano a kan gyale, ta maƙala gorar ruwa a jikin keke, sai ka ce sahara za su keta. Suna tsalle-tsalle suna hura hannu, wai sanyi. Na ce a raina, ku da aka rena da madarar gwangwani.

Dije ta karɓo mini keken, ta samu benci ta zauna. Wata doguwa a gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Yalla ya banat!" Wai 'yan mata. Ƙaramarsu ta isa aurar da 'ya.

Ummu Faisal na gane ta nan take, da abaya ruwan toka. Na ɗauka a gaba za ta kasance tana rawar kai, sai na ga ta dawo can baya inda nake fama. Ta gaishe ni da Larabci, "Ahlan ya khala, yau kika fara?" Na shaƙe murya na ce, "Aiwa." Ta gyara mini ƙafa a kan feda, ta nuna mini birki. Na rubuta a zuciyata: shisshigi.

Muka kama hanya. Keken nan nauyi gare shi kamar jaki mai taurin kai, in na ce dama ya ce hagu. Duk lokacin da na taka feda ledar sai ta ce ƙwas, ƙafata ta zame cikin takalmi ta dawo. Amma fa ɗumi! Iska tana dukan kowa, ina jin wata a gabana tana kukan yatsunta sun mutu duk da safarta ta kanti, ni kuwa ƙafata kamar tana cikin tukunyar ruwan wanka. Na yi murmushi a bayan niƙabi, na ce ilimin kanti ya ƙare, ga na gado.

Na buɗe kunne ina jiran zancen banza. Abin haushi, zancen ciwon gwiwa suke yi, da sukari, da tsadar tumatir. Ummu Faisal dai tana da dariya mai ƙarfi, har haƙoranta na ciki ake gani. Na riƙe wannan, don shi kaɗai na samu.

Da muka ɗan yi nisa sai na ga matan da ke kusa da ni suna waige-waige. Wata ta ja gyale ta toshe hanci ta ce wani abu ya mutu a teku. Wata ta ce a'a, magudanar ruwa ce ta fashe. Ni ban ji komai ba, amma don kada a bar ni a baya na yi tsaki na girgiza kai, irin na ƙazantar mutanen yanzu. Ummu Faisal ta dube ni, ta dubi ƙasa. Da muka zo ɗan hawa ta sauka daga nata keken ta turo nawa ta baya.

Daga nan ɗumi ya fara wuce gona da iri. Gumi ya taru a leda, man zafi ya farka. Da farko kamar cinnaku, can kamar na taka garwashi. Ga kuliyoyin Kornish, waɗannan marasa kunyar, biyu sun biyo ni suna gudu a gefen taya. Na kore su da ƙafa, ledar ta ce ƙwas.

Aka tsaya a wani fili mai ciyawa, aka shimfiɗa babbar darduma, aka fito da filas na shayi da ful, wato dafaffen wakensu, da burodin tamis. Kowace ta tuɓe takalmi ta hau. Ni na ƙame a kan keke, hawaye yana zuba cikin niƙabi, ina karanta duk addu'ar da na iya. Kuliyoyin sun zama huɗu, sun zauna a gabana kamar masu jiran sadaka.

Ummu Faisal ta taso ta kama hannuna, wai in zo in sha shayi. Na ce a'a. Ta ce wallahi sai na zo. Na yunƙura zan sauka, ƙafar dama ta zame, takalmin ya maƙale a feda, ƙafar ta fito ta bar shi, ta bar safar Malam a ciki. Ledar ta tsage tun daga yatsa har dunduniya. Wani ruwa baƙi-baƙi ya tsiyayo a kan bakin dardumar mutane, ƙafar tana hayaƙi cikin sanyin nan, ga 'yan ɓarɓashin daddawa sun manne tsakanin yatsu.

A nan ne hancina ya dawo aiki. Jama'a, na ji. Daddawa da man zafi da gumin tsohuwa, an rufe su sun dahu tare. Matan nan suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wata ta ɗauke kwanon ful ta ruga da shi. Doguwar nan tana ta cewa, "Esh hada? Esh hada?" wato mene ne wannan, kamar akwai mai amsa. Kyanwa ɗaya ta matso ta lashi ledar.

Ummu Faisal ba ta gudu ba. Ta durƙusa a gabana, ta kwance ɗayar ƙafar, ta ɗauko gorarta tana zuba mini ruwa. Sannan, ba tare da ta ɗago kai ba, ta yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Sannu Inna. Ya Suma?"

Na ce a raina ko in ci gaba da zama Balarabiya.

"Inna, tun a wajen hawan nan na gane. Daddawar nan babu mai irinta a Jidda, jiya ma da ita na yi miya."

Da ƙasa ta tsage da na shige har da keken. Ta juya ta ce wa matan da Larabci wai ni innarta ce, wannan maganin sanyi ne na gargajiya, mai ƙarfi ne shi ya sa. Har wata ta matso daga nesa tana tambayar ko yana maganin gwiwa. Ta tuɓe safarta, wannan dai ta kantin, ta sa mini da hannunta. Laushi kamar cikin kunnen ɗan rago (ban faɗa mata ba, kuma ku ma kada ku faɗa).

Ta miƙo mini shayi ta ce, "To Inna, kin ga abin da kika zo gani?"

Na tattaro ɗan abin da ya rage mini na girma na ce, "Na gani. Dariyarki ta cika ƙarfi."

Ai kuwa sai ta yi ta, har da riƙe ciki.

Ita ta mai da mu gida a motarta, gilashi a sauke. Da rana Abdullahi ya shigo ya tarar da ni na tsoma ƙafa a roba. Kafin ya tambayi inda kambas ɗinsa yake na ce, "Ka ba mutanen nan amsa. Na ce to."

Suma ta leƙo daga labule ta ce, "Sitti, da gaske?" (haka jikokin nan suke kiran kaka).

Na ce, "Tafi ki ci abinci, kin dame ni da ido."

An yi biki bayan Sallah. Har yau Ummu Faisal ba ta faɗa wa kowa ba, ko ɗanta. Dije ce, da ba ta ga komai ba sai daga benci, ta warke daga mura ta zaga lungu gida-gida. Yanzu in na yi wa yarinya faɗan abaya sai ta sunkuyar da kai, ni kuwa na san ba ladabi ba ne, ƙafata take kallo.

Ra'ayina a kan keke bai canja ba, shirme ne, babbar mace ba ta da abin yi a kansa. Abin da na koya daban ne. Duk wadda za ta fita shinshinar gidan wani, ta fara samun mai lafiyayyen hanci ya shinshina ta tukuna. Kuma ta sayi safa, ba ta kai tsadar da nake zato ba.