Kyautar Alhaji Megawat

Duk wanda ya ce Ƙofar Mazugal ba ta da babban mutum, to bai taɓa wucewa ta ƙofar gidan Alhaji Maharazu ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin komai, musamman abin da ba a tambaye shi ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana sayar da ƙwan fitila da soket a kasuwa, don haka a harkar lantarki babu mai ja da shi. Tun ranar da ya tsare mu bayan La'asar yana bayanin megawat har aka kira Magariba, sunan ya bi shi: Alhaji Megawat. Mu muna faɗa muna ƙunshe dariya, shi kuwa ya sa aka rubuta masa a bayan mota.

Amma abin alfaharinsa na gaske zaurensa ne. Zaure ne da ya turo ƙirji cikin lungu, har mai Adaidaita sai ya karkata kafin ya wuce. A ciki akwai darduma, da kujera mai juyawa, da agogon bango uku, na Kano, na Makka da na Landan, dukkansu a tsaye. Nan yake zama da hantsi yana raba shawara kyauta.

Sai ga labari gwamnati za ta ja babbar wayar wuta ta unguwarmu, kuma dole a kafa turken ƙarfe mai ƙafa huɗu a lungunmu. Aka ce doka ta ba ta ikon karɓar fili don amfanin jama'a ta biya diyya, mai shi ya so ko bai so ba. Jan fentin da ake sa wa filin da za a karɓa kuwa ya faɗa a katangar 'Yardada, tsohuwar da ke maƙwabtaka da Alhaji. Ɗan tsakar gida gare ta, inda take shanya taliyar da take murzawa, da ita take ci take sha shekara talatin. In an ɗauke filin babu wurin shanya, babu sana'a. Kwana uku ba ta taɓa injin murzarta ba, ni kaina ta ba ni tausayi ƙwarai.

Alhaji kuwa murna kamar an yi masa naɗi. Nan take ya kafa Kwamitin Tarbar Wuta, ya zaɓi kansa shugaba babu hamayya, ya kuma amince ya riƙe sakatare na wucin gadi. Ya taka har ƙofar 'Yardada ya yi mata lacca a kan kishin ƙasa. Ta ce ita dai a bar mata wurin shanyarta, diyya ba za ta busar mata da taliya ba. Ya ce abin da ya hana ƙasar nan ci gaba ke nan, taliya.

Ranar da ma'aikatan lantarki suka zo, Alhaji ya kafa rumfa, ya yi hayar lasifika, ya gayyato ɗan jaridar rediyo. Ya fito cikin babbar riga da ta sha bugu, a kan hularsa ya kifa hular kwano irin ta ma'aikata. Ya wuce wata matashiya mai riƙe da taswira, ya rungume direba yana kiransa Babban Injiniya. Sai da direban ya nuna ta: Injiniya Bahijja, ita ce mai aikin. Alhaji ya ce ai ya sani, gwada su yake yi. Sannan ya karɓi lasifika.

"Jama'a, mu da muka san lantarki ciki da waje, mun san wuta ba ta zuwa sai da sadaukarwa. Taku goma kacal ake nema, wata tana kuka saboda taliya. Wallahi da a gidana jan fentin nan ya faɗa, kyauta zan bayar, ko sisin gwamnati ba na so. Ɗan jarida, ɗauki wannan da kyau. Ni Maharazu, ko zauren nan aka ce ana so, a zo a ɗauka!"

Aka yi tafi. Ya sake maimaitawa, don a karon farko lasifikar ta ɗan shaƙe.

Injiniya Bahijja ta buɗe taswira, ta dubi zauren, ta dubi takarda. Cikin ladabi ta bayyana cewa tun asali zauren ne a kan layi daidai. Sun karkata zuwa gidan tsohuwa ne don an ce musu mai zauren babban mutum ne, sai an sha kotu da shi. Yanzu da ya sauƙaƙa, waya za ta tafi a miƙe.

"Allah ya saka da alheri, Baba," in ji ta. "Ga takardar, nan za ka sa hannu."

Alhaji ya dubi takardar. Ya laluba aljihu ya ce ya manto tabarau. Mutum uku suka miƙo nasu. Ya ce babu biro, ɗan jarida ya ba shi, ya kuma matso da rikoda dab da bakinsa. Liman ya riga ya ɗaga hannu yana roƙon Allah ya yawaita mana irinsa, unguwa tana amsa amin da ƙarfin da ban taɓa ji ba ko a filin Idi. Daga bayan katanga 'Yardada ta rangaɗa guɗa. Alhaji ya sa hannu.

Kwana uku rediyo tana saka muryarsa. Ya lallaɓa ofishin ma'aikatan lantarkin don ya janye a ɓoye, sai ma'aikata suka miƙe tsaye suna tafa masa, har masinja ya roƙi alfarmar riƙe masa takalmi. Ya yi musu jawabi na minti ashirin ya dawo gida.

Cikin sati biyu aka rushe zauren. Gida a birni babu zaure kuwa, kowa ya san abin da ake nufi: mai sallama daga titi zai ƙwala, labule kaɗai ke tsakaninsa da tsakar gida. Kujera mai juyawa ta koma ɗakin matarsa Hajiya, an ce a kanta ake jera kwanuka. Alhaji ya koma shimfiɗa tabarma tsakanin ƙafafun turke, yana gaya wa masu wucewa cewa zauren zamani ke nan, iska ta ko'ina. Muka tambaye shi yaushe wutar za ta shigo gidajenmu, tunda injiniya ta ce wannan wucewa kawai za ta yi zuwa wata tasha. Ya ce wannan sirrin gwamnati ne, amma abin da zai iya tsegunta mana shi ne za a liƙa allo na musamman a jikin turken, mai ɗauke da hotonsa.

Allo kuwa ya zo. Ranar Talata ma'aikata suka ɗaure shi daidai saman inda Alhaji ke zama. Jan rubutu ne, HAƊARI, KADA A MATSO, a ƙasansa ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. 'Yardada ta fito da tiren taliyarta da ta bushe sarai za ta kai wa masu saye. Ta tsaya, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon allon, sannan ta dubi mai zama a ƙarƙashinsa.

"Masha Allah, Alhaji, sun fitar da kai," in ji ta. "Sai dai ka ɗan rame."