Yadda Za Ka Riƙa Korar Koci Har Bangon Tsohuwa Ya Tsage

Kai ciyaman ɗin ƙungiyar ƙwallo, wanda ake lallasa yaranka duk Asabar har ka fara jin nauyin zuwa ɗaurin aure, matso kusa. In ka bi abin da zan faɗa maka daki-daki, na yi maka alkawari za a ci gaba da cin ku yadda aka saba, amma ba mai ƙara ganin laifinka. Ba shaci-faɗi nake ba, a kan idona aka yi.

Sunana Habiba, a Damba nake zaune, nan Gusau. Ban taɓa shiga aji ba. Maƙwabciyata Naomi mai ɗinki ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata kada ta wanke min magana. Filin ƙungiyar unguwarmu, Guguwar Damba, yana bayan gidana, ragarsu ta gabas tana jingine da ɗakin da nake kwana, ɗakin ƙasa da marigayi maigidana ya gina. Sunan raga kawai gare ta, ƙarafa biyu ne a tsaye da ɗaya a gicciye an ɗaure da waya. Ƙwallon da ta shiga da wadda ta kauce, duk bangona ke karɓa. Ya tsage tun daga sama har ƙasa, ya fara sunkuyowa kan gadona. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: a gyara bango, ko a matsar da raga kafin damina. Wanda nake nema a wurinsa shi ne Alhaji Tukur, ciyaman, kuma shi ne malamina a duk abin da ke tafe.

1. Ka gane ciwon ƙungiyarka, sannan ka kau da kai

Dole ka san ainihin abin da ya lalace, don kada ka taɓa shi bisa kuskure.

A wurinmu abu ne a fili. Mai tsaron gida Lukuman ƙanin matar Alhaji ne. Yaron kirki, yana gaishe ni har ƙasa, amma da ya hango ƙwallo ta taso sai ya runtse ido ya juya mata ƙeya. Filin ya gangaro gabas, ruwa ya ci rami a gaban raga. 'Yan wasan kuwa leburori ne da masu facin taya, daga wurin aiki suke zuwa ba komai a cikinsu. In wasa a Tsafe ne, a bayan a-kori-kura ake loda su tare da ragunan Alhaji masu zuwa kasuwa, su sauka ƙafafu sun sandare, suna warin garke.

To ka duba da kyau. Ƙanin mata ba ya koruwa, sai in ka shirya cin tuwo a waje. Rami ba ya koruwa. Yunwa ma haka. A duk ƙungiyar, koci kaɗai ne za ka ce wa tashi, ya tashi.

2. Ka ɗauko koci daga nesa

Kada ka ɗauki ɗan unguwa, ya san Lukuman. Ka aika Bungudu ko Tsafe, inda labarinku bai gama isa ba. Ka kafa rumfa a tsakiyar fili, ka rataya masa usur a wuya, a ɗauke ku hoto kuna riƙe da jesi. Ka ce wa jama'a, "Wanga karon mun samu mutum." Ka riƙe wannan maganar da kyau, za ka sha maimaita ta.

3. Ka damƙa masa komai, har da maƙwabta

Ranar da na fara zuwa shagon Alhaji, na same shi yana cin gyaɗa.

Na ce, "Alhaji, bangona ya tsage."

Ya ce, "Subhanallahi. Sannu Inna. Sai dai duk abin da ya shafi fili hannun koci yake. Ni ba ni shiga aikin ƙwararru."

Na tafi wurin koci. Lokacin Malam Yusha'u ne, malamin motsa jiki daga Bungudu, dogo mai sanyin magana. Ya biyo ni har ɗaki, ya cire takalmi, ya zura hannu cikin tsagar har wuyan hannu.

Ya ce, "Inna, nan kike kwana?"

Na ce, "A'a, a sama nake kwana kamar jemage."

Ya yi dariya, sai kuma ya daina. Ya ce, "Wanga bai dace ba. Da mun dawo daga wasan Tsafe za mu tone ragar mu matsa da ita."

Ka ga amfanin abin? Tsohuwa ta samu alkawari, kai kuma ko bakinka ba ka buɗe ba.

4. Ka kore shi kafin ya gama gane gari

Nan gwanintar take. In ka yi gaggawa, za a ce ba ka da haƙuri. In ka yi jinkiri, zai fara gyara abubuwa, gyara kuwa tonon asiri ne. Alamomin da za ka lura da su: ya fara tambayar ko yara sun karya, ya fara auna rami da ƙafa, ko ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙanin matarka.

Malam Yusha'u ya haɗa duka. A Tsafe, bayan hutun rabin lokaci, ya zaunar da Lukuman ya saka wani mai facin taya a raga. Aka ci mu biyu da ɗaya kacal, mu da muka saba kwaso biyar da nema. 'Yan wasa suka dawo suna waƙa a bayan mota. Kafin ragunan da ba a sayar ba su gama sauka, an sallami koci.

Kada ka ce don me. Ka ce "ba shi da tsari." Ba wanda ya san mene ne tsari, saboda haka ba mai musu.

Na koma shago. Alhaji ya ce, "Inna, wanda ya yi miki alkawari ai ya tahi. Ki bari sabo ya zauna tukuna."

5. Ka riƙa canza kala

Kada ka kawo iri ɗaya a jere, mutane za su farga. In ka kori mai sanyi, ka kawo mai zafi. Bayan Yusha'u aka kawo Stephen, tsohon ɗan wasa mai zagi da Turanci, har awakina suka san muryarsa. Bayansa Sadiƙ daga 'Yandoto, wanda ya turara ƙarafan raga ya ba kowa rubutu ya sha. Lukuman ya sha nasa ya ƙara da na wani, ya shiga fili ya runtse ido da bismilla. Akwai wani mai nuna musu wasan Turawa a waya, su yi zobe suna kallo cikinsu na kuka. Sauran yawanci na manta sunayensu. Wani ko sallama ba mu gama yi ba aka ce ya tafi.

Kowannensu ya shigo ɗakina. Kowannensu ya zura hannu a tsaga ya girgiza kai. Na farko hannunsa ne ya shiga, na baya-bayan nan har kafaɗa.

Ga wani sirri da zan ba ka kyauta. Wasan farko na sabon koci, yara kan yi gudu kamar an biyo su, kowa na son a san da shi. Kuna iya yin kunnen doki, har ku ci. Ranar ka zagaya gari kana danna hon, ka tsaya wurin mai shayi ka ce, "Ba na gaya muku ba?" Ka more ta sosai, don Asabar mai zuwa yunwa za ta tuna da su.

6. In jama'a sun fara lissafi, ka nemo musu tsohuwa

Wata rana wani mai kai zai ce, an canza koci an canza koci, me ya sa ba a canza sakamako ba? Kada ka bari tambayar ta kwana. Ka sa a ce akwai baki a kan ƙungiya.

Haka na wayi gari na zama mayyar ƙwallo. Wai ni na yi musu baki saboda bango. Sai aka ƙirƙiro sabuwar al'ada: duk kocin da aka naɗa, daga rumfa sai a rako shi zaurena da ƙullin goro ya nemi albarka. Ranar naɗin Audu, wani gajere daga Tsafe, har da magoya baya suka cika min ƙofar gida.

Shugaban magoya baya ya durƙusa ya ce, "Inna, mun zo ki ɗaga muna."

"In ɗaga mi?"

"Abin da kika aza."

"Ni ban aza komai ba. Golanku ne ke rufe ido. Ku tambaye ni, ta tsagar bango nake kallonsa."

Suka kalli juna. Wani daga baya ya ce, "Kun ji ko? Har ta bango take kallonsa."

Na ce, "Ku matsar da raga, in sa muku albarka har ta yi muku yawa."

Audu ya ce, "Za a duba, Inna." Aka shafa fatiha, suka bar min goro. Da an ba ni kwandon ƙasa da magini maimakon goron da na karɓa a wannan shekarar, da yanzu bene nake kwana.

7. In kociyoyi sun ƙare, ka naɗa kanka

Za su ƙare. Labari zai kai Bungudu, ya kai Tsafe, ka kira mutum ya ce yana gona. To kada ka firgita. Ka rataya usur a kan babbar riga ka shiga fili.

Da na hango Alhaji ta tsaga yana busa, ko mayafi ban gama yafawa ba na fita. Na tare shi a gaban 'yan wasa.

Na ce, "Yau kai ne koci?"

Ya ce, "Ni ne, Inna."

"Fili a hannunka yake?"

Ya waiga, ya ga idanu sun yi masa yawa. Ya dafa ƙirji ya ce, "A matsayina na koci, da mun dawo daga Bungudu, raga za ta matsa. Ku shaida."

Suka shaida. Suka tafi Bungudu aka zuba musu shida da nema. Washegari sanarwa ta zagaya wayoyin unguwa, Naomi ta karanta min: hukumar ƙungiya ta sallami koci, tana gode masa bisa hidimar da ya yi, tana yi masa fatan alheri.

Na je shago. Na ce, "Alhaji, an dawo daga Bungudu."

Ya ce, "Inna, koci ne ya yi miki alkawari, kuma kin ji abin da anka yi mai."

"Ba kai ba ne?"

"Wancan aiki daban, wanga daban."

Na tsaya ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya miƙo min gyaɗa.

In ka iya wannan ba tare da fuskarka ta motsa ba, ka gama karatu, ba abin da zan ƙara maka.

8. Ka yi addu'a kada hadari ya haɗu

Wannan ne kaɗai matakin da ba a hannunka yake ba. Hadari ya haɗu a gabas da hantsi, iska ta kaɗa, ƙasa ta zubo min a kan matashi. Na kalli bango, na kalli gado. Sai na ɗauki fartanya na zagaya baya, rana tsaka, kowa na gani, na fara tonon gindin ƙarfe.

Lukuman ne ya fara isowa atisaye. Ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Inna, mi kike yi?"

"Ina matsar da raga."

"Zuwa ina?"

"Ɗakina."

Ya kalli hanya, ba kowa. Sai ya tuɓe safar hannunsa ya ce, "Kawo fartanyar, bayanki zai yi ciwo. Wallahi ni ma na gaji da tsayuwa a wurin nan. Ɗinki nike so in koya, Yaya ce ta hana."

Shi ya kwance wayar, shi ya ɗauko ƙarafan a kafaɗa, muka tokare bango da su ta ciki, biyu a gefen gado ɗaya a tsakiya. Ban taɓa ganin ya riƙe wani abu da kyau haka ba.

Da la'asar Alhaji ya iso, usur ɗin ma bai cire daga mota ba. Ya tsaya a zaure ya ce, "Inna, wanga kayan ƙungiya ne. Asabar muna da wasa a gida."

Na ce, "Shigo ka karɓi kayanka. Amma ka kwanta a gadon tukuna, in cire maka."

Ya leƙa, ya ga yadda bangon ya kwanta a kan ƙarfe. Bai shigo ba.

Na ce, "Ranar da magini ya gama, ka aiko a ɗauka."

Ya tafi yana latsa waya. Na ce wa Naomi, yau kam magini yake kira. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, bango ya tsaya. Da safe na ji ana buga guduma a bayan gida, na fita da murna. Rumfa ake kafawa. Sun samo sabon koci daga Kekun Waje, ana ɗaukarsa hoto da jesi a filin da ke da raga ɗaya.

Abin da ba ruwana

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, shi ya jiyo. In ƙungiyarka ta faɗo daga rukuni, in golanka ya koma shagon ɗinki, in matarka ta daina yi maka magana, in wata tsohuwa ta tone maka fili, kada ka doso zaurena, kada kuma ka aiko min da goro, haƙorana sun gaji. Naomi ma ba ruwanta, biro kawai ta riƙe, kuma ta ce in faɗa maka ta samu sabon almajirin ɗinki mai hankali. Mai son ganin ragar gabas ta Guguwar Damba ya yi sallama ya shigo. Tun da ta dawo hannuna, ko ƙwallo ɗaya ba a zura mata ba.