Tudun da Ya Jiƙa Malam Tanimu

Wannan abu a gaban idon Delu matar Malam Tanimu ya faru, kuma duk wanda ya san Delu ya san ba ta ƙara wa zance gishiri. Mijin nata tsohon malamin daji ne. Ya ajiye aiki ya dawo gida Kukar Sambo, ba shi da abin yi sai gyara wa mutane magana. Ana nan sai wani ɗan ƙanensa mai aiki da masu awon ƙasa ya ba shi wata 'yar na'ura, wai ita Ji-Fi-Es, ba ta fi tafin hannu ba. Da an danna sai taswira ta fito: ga tudu, ga kwari, ga rafi, ga kuma wani ɗan ɗigo yana nuna inda mutum yake tsaye. Tun daga ranar Malam ya daina tambayar ɗan Adam hanya. Ko masallacin ƙofar gida zai je, sai ya duba ta tukuna. Dattijo da furfurarsa!

To, sai aka yi wa ɗansu haihuwa a Garin Maƙeri, Malam ya aika cewa ragon suna daga gare shi ne, kada kowa ya saya. Ragon kuwa Delu ce ta yi kiwonsa da dusa da harawa har ya zama abin kallo. Ana gobe suna, dole rago ya kwana can, don da an idar da sallar asuba za a yanka. In bai iso ba, kunyar surukai kaɗai ta ishe su. Motar kasuwa kuma ta wuce su, saboda Malam ya tsaya neman batir ɗin na'ura. Haka suka kama hanya a ƙasa bayan azahar, Delu tana jan rago, Malam yana gaba ya sunkuyar da kai a kan tafin hannunsa.

Da suka iso mararraba Delu ta ce, "Malam, mu bi hanyar gada. Ita kowa yake bi."

Ya ce, "Kowa ba shi da abin da nake da shi. Matso ki gani. Kin ga waɗannan layukan da suka zagaya kamar faifai? Tudu ne. Mu hau ta nan, mu gangara ta can, sai ga mu a ƙofar gidan suna."

Ta ce, "Ni ban ga tudu ba."

Ya ce, "Ke ai ba ki yi karatun taswira ba."

Delu ta ja ragonta ta bi shi. Suka ratsa gonar dawa, suka ratsa ta gero, ƙaya ta yage mata bakin zane. Suna fitowa fili sai ga ruwa shimfiɗe a gabansu, kududdufi guda har da agwagi. Ashe tun shekarun baya masu aikin titi suka kwashe tudun kaf a manyan motoci, suka bar rami, damina ta cika shi. Ita kuwa na'ura ba wanda ya je ya gaya mata.

Delu ta ce, "To ga tudunka nan, Malam. Agwagi ma sun riga mu hawa."

Malam ya dubi ruwa, ya dubi na'ura, ya sake duban ruwa. Ya ce, "Ke Delu, ki riƙa tunani. Ruwa yana zama a kan tudu? Ba ya zama. Wannan ɗan yayyafin shekaranjiya ne ya kwanta a sama, ko idon sawu ba zai rufe ba."

Ya tuɓe takalma ya rataya a wuya, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya shiga. Ruwa ya rufe idon sawu. Ya kai gwiwa. Malam ya ɗaga na'ura sama yana karantawa da ƙarfi, "Madalla! Ta ce mun fara hawa. Jawo ragon!"

Delu ta ɗan ja igiya don dai a ce ta bi umarni. Rago ya shinshina ruwa, ya kafe ƙafafu huɗu, ya yi wani kuka mai tsawo. Ta ce, "Ya ce shi ma bai yi karatun taswira ba."

Kafin ta rufe baki ruwa ya kai wa Malam ƙugu, sai ƙirji, laka kuma ta riƙe ƙafafunsa gam. Hularsa ta faɗi, ta kama hanyar Garin Maƙeri ita kaɗai. Sai ga wani masunci ya taso a kan gora yana jan koma, ya tsaya yana kallon ikon Allah.

Ya ce, "Sannu Baba. Wanka ake yi da riga?"

Malam ya ce, "Wucewa nake. Tudu nake hawa."

Masunci ya ce, "To a hau a hankali, Baba, akwai tarwaɗa a ƙololuwar." Ya yi gaba, dariya tana nema ta kifar da shi daga kan gorar.

Delu ta dubi rana ta ga ta karkata, ga hanyar gada da nisa, ga rago. Ta ce, "Malam, kalma ɗaya nake so. Ka ce ruwa ne, in kwance igiyar ragon nan in jefa maka."

Ya ce, "Taswirar da masana suka zana daga sama ce zan ƙaryata saboda ke? Tudu ne!"

Ta ce, "Shi ke nan. Ni da rago mun bi ta gada. In ka gangara sai mu haɗu a can." Ta gyara ɗaurin zane ta juya.

Daidai nan iska ta kawo kiran sallar la'asar daga wani ƙauye. Malam ya ga ƙofa ta buɗe. Ya gyara murya, hannu ɗaya a sama da na'ura, gemu yana taɓa ruwa.

Ya ce, "Delu! Ke Delu! Ba wai na fasa ba ne, sallah ce ta kama ni. Zo ki karɓi abar nan in samu hannun yin alwala."

Delu ko tsayawa ba ta yi ba, waiwaye kawai ta yi.

Ta ce, "Alwala da wane ruwa, Malam? Ai a kan tudu kake. Buga ƙasa ka yi taimama."